Famfo ko Jarka: Zaɓen Karatun Nesa ga Mazaunin Katsina da Daura

Cikin mako guda mutum biyu daga danginmu suka kawo mani tambaya kusan iri ɗaya, na kuma ba su amsa daban-daban. Ta farko ƙanwata ce da ke aure a Daura, malamar firamare mai NCE, shekararta 11 tana riƙe da alli, ga yara uku a gabanta. Bayan isha'i ta kira ni ta ce, "Yaya, waɗanda muka fara aiki tare duk sun wuce ni saboda digiri. An ce mani akwai karatun onlayin, a waya ake yin shi. Wanne zan shiga?" Na biyu ɗan yayata ne, nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya karanci kwamfuta ya kuma dawo daga bautar ƙasa. Shi har gida ya same ni. "Kawu, digiri na biyu nake so, amma ba zan sake komawa aji ba. Daga ɗakina zan yi shi da wata jami'ar waje."

Ita na ce ta yi karatun nesa. Shi na ce ya koma cikin makaranta. Dalilin da ya sa na raba masu hanya shi ne abin da nake so in shimfiɗa a nan, don na san akwai ɗaruruwan ma'aikatan jinya, malamai, 'yan sanda da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke juya wannan tambaya a zuci. Kalmar "onlayin" ta haɗiye abubuwa da yawa da ba su yi kama da juna ba. Kafin mutum ya tambayi sunan jami'a, ya kamata ya fara sanin ta wace hanya karatun zai biyo ya iso ɗakinsa, kuma wa zai biya kuɗin hanyar.

Duk mazaunin Katsina ya san bambancin gidan da famfo ke kawo wa ruwa daga Ajiwa da gidan da ke jiran 'yan ga-ruwa. Dukansu suna sha suna wanka, amma mai sayen jarka sai ya yi lissafi kafin ya wanke tsakar gida. Datar da muke sakawa a waya jarka ce. Famfon kuwa shi ne layin da jami'o'i ke haɗawa tsakaninsu don bincike da koyarwa kaɗai: zaren gilashi ne da ake binnewa a ƙasa, saƙo na bi ta cikinsa a matsayin haske, ba ya cakuɗa da cunkoson masu kallon ƙwallo da masu ɗora bidiyon biki. Ingila tana da nata mai suna Janet tun 1984, Amurka ta kafa Internet2 a 1996, a Turai GÉANT ce ta ɗinke layukan ƙasashe wuri guda, Kenya na da KENET. Na yankinmu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya shi ne WACREN, mai hedikwata a Akara ta Ghana. Na Najeriya sunansa NgREN. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da kwamitin shugabannin jami'o'i ne suka kafa shi da tallafin Bankin Duniya, aka ƙaddamar da shi a 2014, kashin farko kuma ya haɗa jami'o'in tarayya 27.

Na yi shekaru ina aikin haɗa kwamfutoci a wata babbar makaranta, don haka na ga abin da irin wannan layi ke yi da idona. Abu na farko faɗin hanya, kuma faɗin ta ɓangare biyu. Layin waya an tsara shi ne don ka sauke abu fiye da yadda za ka tura, shi ya sa za ka kalli bidiyo lafiya lau amma da ka kunna kyamararka sai hoto ya daskare. Layin jami'a yana turawa kamar yadda yake saukewa, don haka malami a Zariya zai iya ganin fuskokin ɗalibai 60 a wani zaure a Sakkwato, ya ga wanda ya ɗaga hannu, ya ga abin da aka rubuta a allo. Abu na biyu rashin jinkiri. A da, saƙon da ya tashi daga wata jami'ar Najeriya zuwa maƙwabciyarta yakan zagaya ta Landan ya dawo, saboda kamfanonin da ke ɗauke da su ba su haɗu a gida ba. Jinkirin da ba ya kai sakan ɗaya ba ya damun mai aika wasiƙa, amma yana kashe muhawara a aji: ka yi tambaya, malam ya riga ya wuce, ku riƙa cin karo da maganar juna. Abu na uku, wanda ni na fi ɗauka da muhimmanci, shi ne ƙofofin da layin ke buɗewa. Mujallun bincike na duniya yawancinsu na kuɗi ne, makaranta ke biya, kuma sau da yawa sai ta layin makarantar ko da shaidar ɗalibinta ake shiga. Akwai ma wani tsari da ake kira eduroam, wanda ya faro daga Turai, inda ɗalibin jami'a ɗaya zai shiga harabar wata jami'ar a wata ƙasa, kwamfutarsa ta kama intanet da sunan da kalmar sirrin da ya saba amfani da su a gida.

Sai dai wannan famfo a ƙofar makaranta yake tsayawa. Ba ya zuwa Sabuwar Unguwa, ba ya zuwa bayan rijiyar Kusugu. Duk wanda aka ce masa zai yi karatu "daga gida" to da jarka zai yi shi, ko da jami'ar da ke koyar da shi tana zaune kan layi mafi ƙarfi a duniya. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure: suna auna ƙarfin jami'ar, su manta da auna ɗakinsu.

Ga lissafin da na yi wa ƙanwata a takarda. Lakca ta bidiyo kai tsaye, mai hoto matsakaici, tana jan kamar megabit 1 a kowane sakan. A awa guda ya zama megabait 450 (megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya), kusan rabin giga. Idan ɗaliba tana da awa 8 na lakca a mako, giga 3.6 ke nan, a wata ya haura giga 14, ban da binciken aikin gida, ban da WhatsApp na gida da na makaranta. Idan hoton mai kyau ne sosai sai a ninka. Littafin kwas mai shafi 300 kuwa, idan rubutu ne zalla, bai fi 'yan megabait kaɗan ba. Wato datar da awa guda ta bidiyo ke cinyewa za ta sauke littattafai wajen 100. Murya kawai ba hoto ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na bidiyo ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi a kan mai ƙaramin albashi.

Kuɗi ma da sauƙi a kan tabbas. Igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano na kamfanin Google da ya iso a 2022, a Legas suka sauka, mu kuma muna nesa da Legas da fiye da kilomita 1,000. Duk inda mai aikin titi ya datse zare a hanya, mu ne a ƙarshen layi. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi da dama suka lalace a teku daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma na kwanaki. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma da Jibiya, aka shafe watanni mutane na tafiya wani gari don su yi waya kawai. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda babu wutar lantarki. Ba tsoratarwa nake yi ba. Mutumin da ya rayu cikin waɗannan abubuwa uku ya san cewa karatun da ya rataya kan ka kasance a layi ƙarfe takwas na daren Talata yana da rauni a wurinmu fiye da karatun da za ka sauke yau ka karanta jibi.

Da wannan ma'auni na duba hanyoyin da ke gabansu.

Ta farko ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin sojan da ta biyo baya ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya yi karatu a cikinta har digirin digirgir. Hedikwatarta na Jabi a Abuja, tana da cibiya a Katsina. Abin da ya sa na fi karkata gare ta ga mai zaune a gida shi ne tun asali an gina ta kan littafi. Kowane kwas yana da littafinsa da aka rubuta don mai karatu shi kaɗai, an rarraba shi darasi-darasi da tambayoyin gwada kai, ana kuma sauke shi kyauta daga shafin jami'ar. Aikin gida da suke kira TMA a intanet ake yi, yana ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma 70. Jarrabawar sai an je cibiya: 'yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta, na gaba da su da biro da takarda. Akwai zaman bita da malamai ta bidiyo, amma wanda ya rasa wani zama saboda sabis bai rasa zangon karatunsa ba, littafin na nan. Ba a buƙatar makin jarrabawar shiga jami'a, sai dai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, mai NCE ko difloma kuma yana iya farawa daga sama. Sa'an nan lokacin da ƙungiyar ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, 'yan NOUN ba su zauna jiran a janye ba.

Wahalarta kaɗaici ne, kuma ba ƙaramar wahala ba ce. Babu mai kiran suna da safe, babu abokin zama da zai tsungule ka. Littafin na iya kwana 40 a waya ba a buɗe ba, sai an fitar da jadawalin jarrabawa hankali ya tashi. Daga nan ne ake faɗawa hannun masu sayar da amsoshin TMA a rukunonin WhatsApp. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, musamman idan malamin makaranta ne ya saya, domin maki 30 ɗin zai samu amma ranar da ya tsaya gaban yara babu abin da ya ƙaru a kansa, kuma zauren jarrabawa na jiran sa da 70. Akwai kuma dogaro da 'yan kafe wajen rajista: ɗalibi ya miƙa kalmar sirrinsa, a zaɓar masa kwasa-kwasan da bai sani ba, a caje shi ƙari. Wanda zai shiga NOUN ya zauna kwana ɗaya ya koyi shiga shafinsa da kansa, ya kuma nemi mutum biyu ko uku 'yan kwas ɗaya a garinsu su tsayar da ranar haɗuwa.

Ga malaman makaranta akwai tsohuwar hanya da ba ta buƙatar dogon bayani: Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don horar da malamai suna kan aiki. Littafi ne da haɗuwa a ƙarshen mako a cibiyoyin da ke kusa, data kaɗan take ci. Haka nan karatun dogon hutu da kwalejojin ilimi da jami'o'i ke yi. Wanda ya san ba zai iya karatu ba sai ya ga malami a tsaye, nan ya fi masa.

Hanya ta biyu ita ce cibiyoyin karatun nesa na jami'o'in da muka saba da su, wadda ta fi suna a Arewa ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, sai kuma sababbin buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu irin su Miva da ke Abuja, wadda ta sami lasisin NUC a 2023. A nan karatun ya fi kama da aji. Akwai bidiyon darasi, akwai zaman kai tsaye, akwai dandalin tattaunawa da ake sa ran ka sa baki, akwai wa'adin miƙa aiki mako-mako. Wannan matsin alheri ne ga wanda ba ya iya tsare kansa, kuma sunan ABU a kan takarda yana da nauyin da kowa ya sani a ofisoshinmu. Digirinta na biyu a harkar kasuwanci da digirin jinya ga waɗanda suka riga suka yi rajistar aikin jinya sun ja ma'aikata da yawa. Amma kuɗin makarantar ya fi na NOUN, kuma jarkar da za ka riƙa saya ta fi yawa. Waya kaɗai ba ta wadatarwa, sai da kwamfutar tafi-da-gidanka, kwamfuta kuma sai da wuta: ƙaramar sola da batir, ko aƙalla wurin caji tabbatacce. Ma'aikacin banki ko na asibitin koyarwa da ke da intanet da janareta a wurin aiki, ya kuma sami izinin zama awa ɗaya bayan tashi, wannan hanya ta dace da shi. Malamar firamare a ƙauyen Zango ko Sandamu, a ganina, za ta sha wuyar da ba ta da alaƙa da ƙwaƙwalwarta.

Na taɓa ɗanɗana wannan da kaina. Wata damina na shiga horon wata uku na kai tsaye, ranar da aka ba ni minti goma in gabatar da aikina hadari ya taso daga gabas, wuta ta ɗauke, sabis ya koma sanda ɗaya. Ina jin su suna kiran sunana, su ba sa ji na. Aikin da na yi mako uku ina haɗawa sai a rubuce na tura daga baya, makin gabatarwa ya wuce. Tun daga ranar, duk shirin da za a nuna mani sai na tambaya: ana naɗar lakca a ajiye? Ana iya sauke murya kawai? Idan layi ya yanke ana tsakiyar gwaji, ana sake ba da dama? Shirin da ya kasa amsa waɗannan uku ba a tsara shi da mu a zuci ba.

Hanya ta uku ita ce wadda na tura ɗan yayata: ya yi rajista a jami'ar da ke da haraba, ya zauna kusa da famfo, daga can ya miƙa hannu ya ɗauko na nesa. A jihar nan muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Al-Qalam tun 2005, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tun 2011, a Daura ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, ga kuma Kano da Zariya ba nisa. Abin da yake son ya ƙware a kai, koyar da kwamfuta gane hotuna, yana buƙatar sauke tarin bayanai masu giga goma-goma, wani lokaci ɗari, da tura aiki zuwa manyan injuna da ke wata ƙasa, da karanta maƙalun da kowace ɗaya sai an biya dala kafin a buɗe ta idan ba ta hannun makaranta aka shiga ba. Da datar waya, kuɗin saukewa kaɗai zai cinye abin da yake samu a gyaran kwamfutocin mutane. A cikin haraba kuwa, darussan da jami'ar MIT ta Amurka ta fara sakewa kyauta tun farkon shekarun 2000, da na shafukan koyarwa na Coursera da edX da suka fito a 2012, duk suna gabansa, ga kuma malamin da zai duba aikinsa ido da ido, ga ɗakin karatu, ga takardar da NUC ta sani. Haka lamarin yake ga duk fannin da hannu ke aiki: injiniyanci, haɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti, aikin gona. Bidiyo zai nuna maka yadda ake ɗaura ƙarfen dogo, amma ba zai sa ka ji nauyin sifana ba.

Shi ma na gargaɗe shi kada ya yarda da allon sanarwa. Kasancewar sunan makaranta cikin jerin waɗanda aka taɓa haɗawa da layi bai nuna yau layin na aiki ba, domin irin wannan abu kuɗi yake ci duk shekara, ga man janareta, ga gyara. Gani ya kori ji. Na ce ya ɗauki kwamfutarsa ya je sashen da yake so da tsakar rana, lokacin da ɗalibai suka cika, ya roƙi wani ɗalibin digiri na biyu ya shiga masa, ya gwada sauke fayil mai giga ɗaya ya ga minti nawa zai ɗauka. Ya tambayi mai kula da ɗakin karatu waɗanne rumbunan mujallu ne aka biya wa kuɗi bana. Ya tambaya ko ana barin ɗalibai a ɗakin kwamfuta bayan la'asar da ranar Asabar. Amsoshin nan sun fi kyan gini gaya masa gaskiya.

Hanya ta huɗu, digirin jami'ar waje daga ɗaki, ita ce ta fi ɗaukar ido kuma ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Karatun nesa da ƙasar waje ba sabon abu ba ne, Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga ɗaliban waje tun 1858, kuma dattawa da yawa a ƙasar nan ta gidan waya suka yi karatu. Akwai na ƙwarai har yau. Amma kuɗin da dala ko fam ne, lokacin lakcarsu ba namu ba ne, kuma komai nasu an gina shi kan zaton famfo na zuwa har ɗakin kwanan ɗalibi. Sai batun takarda. Mu Katsinawa mun gaji wata tambaya daga zamanin da almajirai ke tahowa masallacin Gobarau, zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina: wajen wa ka yi karatu, wa ya ba ka ijaza? Yau NUC ce ke amsa wannan ga jami'o'in gida, tana da jerin jami'o'i da cibiyoyin karatun nesa da ta amince da su, digirin waje kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi. Kowa ya tuna Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Gajerun kwasa-kwasan waje suna da amfani sosai don koyon aiki, ni ma ina yin su, amma ba su ne za su ɗaga ma'aikacin gwamnati daga mataki zuwa mataki ba.

Ko a gida ma amincewar NUC ba ta rufe magana. Kowace sana'a tana da mai tsaron ƙofarta: majalisar rajistar malamai, majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, majalisar injiniyoyi. Waɗanda suka karanci aikin lauya a NOUN sun shafe shekaru suna fafutukar a bar su su shiga makarantar horon lauyoyi. Matashin da ke ɗokin sa kakin bautar ƙasa ya sani cewa masu karatun wucin gadi da na nesa takardar tsamewa daga bautar ƙasa aka saba ba su, don haka ya tambayi halin da ake ciki kafin ya biya ko kwabo. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin karatu a rubuce kafin ya fara. Na san waɗanda suka kammala, suka kai takarda don ƙarin girma, aka ce masu babu izini a fayil.

Wasu za su ce Starlink fa, intanet ɗin da ke zuwa ta taurarin ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Gaskiya tana tsallake matsalar zaren da ake datsewa, kuma da yake taurarinta suna kusa, kamar kilomita 550 sama da mu, jinkirinta kaɗan ne idan aka gwada da tsofaffin taurarin da ke kilomita 36,000. Amma kuɗin na'ura da na wata-wata sun fi ƙarfin malami ɗaya, kuma tana son wuta ba yankewa. Inda na ga za ta yi amfani shi ne a haɗa kai: ƙungiyar malamai, ko asibiti, ko ɗakin karatun gari, a sa sola, a ware ɗaki da kujeru goma. Da ƙananan hukumominmu 34 za su yi ɗaki ɗaya ɗaya irin wannan, da hanya ta biyu ta buɗe wa dubban mutanen da yanzu ta fi ƙarfinsu.

Ƙanwata ta saurari duk wannan, sai ta ce, "To Yaya, ni dai a taƙaice?" Na ce NOUN, sashen ilimi, ko NTI idan ta ga zaman ƙarshen mako ya fi mata, kuma kafin komai ta rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma neman izini. Na ce ta zo Katsina sau ɗaya a farkon zango, mu sauke littattafan duka a wuni guda, a buga mata biyu mafiya wuya a takarda don karatu a fuskar waya na gajiyar da ido, sauran su zauna a katin waya. Lokacin karatunta bayan asuba ne kafin yara su tashi, da awa ɗaya bayan isha'i, kuma babu ɗayansu da ke buƙatar sabis. Nauyin da ke kanta na gaske shi ne makonnin jarrabawa: idan cibiyar Katsina aka ba ta, kilomita wajen 80 ne ta Mashi, kuma takarda na iya faɗowa ƙarfe takwas na safe. Wannan kuwa magana ce da maigidanta, ba da kamfanin waya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mun yi maganar mu uku. Ya amince ta riƙa kwana gidanmu a waɗannan makonni, ƙaramar ta biyo ta, manyan biyu su zauna wajen kakarsu.

Ɗan yayata bai ji daɗin tawa amsar ba da farko. Ya ce, "Kawu, kai da ke aikin intanet kai ne za ka mayar da ni aji?" Na ce ya je ya yi gwajin giga ɗaya ɗin a ɗakinsa da daddare, ya sake yi a makarantu biyun da yake tunani, ya rubuto mani mintocin kowanne a takarda. Ya tafi da kwamfutarsa ranar Litinin. Ƙanwata kuma takardar neman izininta tana ofishin sakataren ilimi, ta ce Alhamis za ta koma ta bibiya.